Siffar Wuta a Bakin Kwara

Iyakar da kowa ya sani tsakanin Benin da Nijar ita ce kogin Kwara, da gadar da ta haɗa Malanville da Gaya tun 1958. Ta Najeriya kuwa sai ka gangara bin ruwa, ka wuce Garou, ka wuce Madekali, kafin ka iske ta. Amma a da akwai wata iyakar da ba ta da jandarma, ba ta da kwastan, wadda masu gyaran rediyo da talabijin kaɗai suka san inda ta bi. A cikin akwatin take.

Najeriya ta ɗauki tsarin talabijin mai launi da ake kira PAL, wanda aka ƙirƙiro a Jamus. Benin da Nijar, kamar akasarin ƙasashen da Faransa ta raina, suka ɗauki SECAM. A tsarin Najeriya tazarar da ke tsakanin igiyar hoto da ta murya megahaz 5.5 ce, a namu na Benin da Nijar kuwa 6.5. Sai mutum ya sayo akwatinsa daga Sakkwato ko Birnin Kebbi saboda araha, ya ɗaure eriya a kan gora, ya kamo tashar Benin ko ta Nijar, hoto ya fito babu launi, baki na motsi, murya babu sai shuuu. Akwatin lafiyarsa ƙalau, igiyar da aka ba shi ce ba irin wadda aka ƙera shi dominta ba. Mai gyara ya buɗe baya, ya cire 'yar matatar murya mai ƙafa uku, ya liƙa wata da dalma, murya ta dawo. Launi kuwa sai an ƙara wani ƙaramin fanel.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wata na'ura da na jima ina bibiyar labarinta, injin zana igiyar lantarki, wanda kamfanoni ke taƙaita sunansa da AWG. Aikinsa guda ne: ka zana masa kowace irin siffa ta wuta, ya fitar maka da ita, sau ɗaya ko sau dubu, ba ragi ba ƙari, domin ka gwada wani kayan lantarki da ita. Wani zai ce ina ruwan Garou, garin manoman shinkafa da albasa da masunta, da kayan ɗakin bincike? Ni a ganina tsofaffin masu gyaranmu ne za su riga kowa gane shi, domin aikin da yake yi shi ne suka shekara suna yi da yatsa da kunne.

Cikin rediyo mataki-mataki ne. Eriya ta kamo, wani sashe ya zaɓi tasha, wani ya sauko da ita zuwa kilohaz 455, wani ya tsamo murya, na ƙarshe ya ƙarfafa ta zuwa sifika. In ya yi shiru, mai gyara yakan faro daga ƙarshe. Ya ɗora yatsa ko bakin sukundireba a kan ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara murya. In sifika ta yi gurnani, to daga nan zuwa gaba lafiya lau, ciwon yana can baya. Gurnanin nan yana da dalili: jikin mutum yana kwasar burbushin wutar layin da ke kewaye da shi, mai zagaye 50 a sakan, yatsa ya zuba ta ciki. A ƙauyen da layi bai kai ba, sai a dogara da ɗan ƙaran da ƙarfe ke yi idan ya taɓa waya.

Ina tuna wani dattijo mai rumfar gyara, yadda yake tsayawa a kan yaron da ya zuba wa rediyo ido ya rasa ta inda zai kama.

"Yaro, me ka ba shi?"

"Ban ba shi komai ba, Maigida."

"To me kake jira ya mayar maka?"

Duk ilmin gwaji yana cikin maganar nan. Ka zuba abin da ka sani a wannan baki, ka duba abin da ya fito a wancan. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne halin na'urar.

Matsalar ita ce yatsa siffa ɗaya yake bayarwa, kuma sashen murya kaɗai yake tayarwa. In za a daidaita 'yan gwangwanayen nan na tsakiya, masu dunƙulen baƙin ƙarfe da ake murzawa, sai an sami tasha. Don haka tashoshin da kansu suka zama kayan gwaji: Rediyon Kaduna, Muryar Sahel, sashen Hausa na BBC da ya soma a 1957, na Jamus a 1963, na Amurka a 1979. Mai gyara ya san lokacin kowace. Ya kama tasha mai rauni, ya murza a hankali da sukundireban roba har murya ta cika, ya ɗiga kaki don kada ta motsa. Sai dai gajeren zango ba ya tsayawa wuri guda. Yana hawa yana sauka da kansa, na safe daban, na dare daban. Kana murzawa murya ta ƙaru, ba ka san ko hannunka ne ya gyara ba, ko kuwa sararin sama ne ya sauya. Wanda ya ƙware shi ne wanda kunnensa ya iya raba biyun nan, kuma irin wannan kunne ba a shekara ɗaya ake samunsa ba.

Wannan buƙatar, ta igiyar da ba ta sauya hali, ita ta haifi wani babban kamfani a duniya. A 1939 wasu samari biyu, Bill Hewlett da David Packard, suka fara ƙera injin ba da igiyar murya a wani gareji a Palo Alto, jihar Kalifoniya. Suka sa masa suna 200A, suka sa kuɗinsa dala 54 da santi 40, alhali irinsa na wasu ya haura dala 200. Dabarar Hewlett ita ce saka ɗan ƙwan fitila a ciki: in igiyar ta yi yunƙurin ƙaruwa, zaren ƙwan ya yi zafi ya rage ta, in ta yi ƙasa ya huce ya sake ta. Kamfanin Disney ya sayi guda takwas na samfurin da ya biyo baya don aikin sautin fim ɗin Fantasia. Reshen gwaje-gwaje na kamfanin Hewlett da Packard shi ne ya koma Agilent a 1999, sannan Keysight a 2014.

Injin farko igiya ɗaya yake yi, mai santsi, wadda ke hawa da sauka ba kusurwa. Daga baya aka sami masu yin siffa uku ko huɗu: mai santsi, murabba'i, mai kusurwa uku, da haƙorin zarto. Aka daɗe a haka. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne shigowar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Maimakon a ƙera wata da'ira ta musamman ga kowace siffa, sai a rubuta siffar da lambobi, ɗigo bayan ɗigo, a ajiye. Agogon ciki ya riƙa kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya, wani sashe ya mayar da kowace lamba ta zama bolt, matata ta goge 'yan matakalan da ke tsakani. Kamar ɗinkin hula ne: da nisa ka ga zane ya lanƙwasa sumul, da kusa ka ga sukar allura ce ƙanana a jere, kuma gwargwadon ƙanƙantarsu da yawansu, gwargwadon kyan lanƙwasar.

Daga nan ne abubuwan da ake duba wa injin suka fito. Na farko saurin fitar da ɗigo. Ƙa'idar da ake dangantawa da Nyquist da Shannon ta ce dole ɗigon ya ninka zagayen igiya mafi sauri aƙalla sau biyu, a aikace kuwa ana son ya ninka sau biyar ko goma. Ƙananan injunan yau sukan fitar da ɗigo miliyan 100 zuwa sama a sakan, manyan da ake gwada kayan sadarwa da su sun haura biliyan 100. Na biyu yawan matakai daga ƙasa zuwa sama: mai bit 8 matakai 256 yake da su, mai bit 14 kuwa 16,384, shi ya sa igiyarsa ta fi tsabta. Akwai yawan bakin fita, galibi biyu, waɗanda za ka iya sa ɗaya ya riga ɗaya da gwargwadon da kake so. Akwai shara, wato injin ya taso daga ƙasa ya haura a hankali, misali daga zagaye 20 zuwa 20,000, iyakar jin kunnen ɗan Adam. Da wannan ake gane inda amfilifayar masallaci ke shaƙewa, kafin ladan ya gano da asuba. Yana kuma iya ɗora murya a kan igiyar rediyo, ya zama tashar kansa, wadda ba ta gudu da rana ba ta dawowa da dare. Da dattijon nan ya sami wannan kaɗai, da ya huta da jiran ƙarfe nawa za a buɗe tasha.

Akwai wani tarko da ke kama sabon shiga. Bakin fitar injin an ƙera shi ne da tsammanin zai tarar da nauyin om 50. In ka sa bolt 1 a allo, ka haɗa shi da abin da ba ya jan wuta, bolt 2 za ka gani. Ba lalacewa ba ce, sai an gaya masa irin nauyin da ke gabansa.

Sauran abu ɗaya, zurfin ƙwaƙwalwa, wanda 'yan talla ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Zan dawo gare shi, domin a wurinmu ya fi sauran.

Tsakanin zamanin dattijon nan da yau, sana'ar ta juya. Wayar hannu ta shigo, tauraron ɗan Adam da dikoda suka share rigimar PAL da SECAM, rediyo ya yi arahar da gyaransa ya fi sayen sabo tsada. Rumfunan gyara a kasuwar Malanville, wadda ake lissafawa a sahun gaba cikin kasuwannin Benin bayan Dantokpa, suka cika da Tecno da itel. Samarin da ke zaune a cikinsu suna da hannu, wannan babu musu. Wanda zai ɗaga aisi mai ƙafafu a ƙarƙashinsa da iska mai zafi, ya mayar da shi daidai, ba ƙaramin gwani ba ne. Amma hanyar gano ciwo ta sauya. Gilashi ya mutu, a sa wani. Ba ta caji, a sauya bakin caji, in bai yi ba a sauya fanel. Ana gwadawa ne da kaya, ba da awo ba, kuma kuɗin kowane gwaji daga aljihun mai waya yake fita. Ba na ɗora wa samarin laifi. Masu ƙera kayan ne suka cusa komai cikin dunƙule guda, ba su bar wurin sa yatsa ba. Abin da ke damuna shi ne tambayar nan ta "me ka ba shi" ta kusa ɓacewa daga rumfa.

Sai ga shi ta dawo ta wata ƙofar, ƙofar wuta.

Yanzu a garuruwan bakin kogi wuta ba daga wuri ɗaya take zuwa ba. Akwai ta layi inda ya kai, akwai ta ƙaramin janareto, akwai ta farantin sola da batir da inbata. Duka ana kiransu bolt 220, amma ba siffarsu ɗaya ba. Ta layi mai lafiya tana hawa a hankali har bolt 311, ta sauko, ta juya, sau 50 a sakan. Inbata mai araha kuwa tsalle take yi: ta haye sama lokaci guda, ta tsaya, ta faɗo, ta huta, ta yi tsalle ƙasa. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Joseph Fourier, ya nuna a littafinsa na 1822 cewa kowace siffa mai maimaituwa tarin igiyoyi masu santsi ne da aka ɗora kan juna. A cikin murabba'i mai zagaye 50 akwai na 150, da na 250, da na 350 a ɓoye. Waɗannan ba sa juya fanka yadda ya kamata, sai dai su sa ta kuka, su dumama naɗin wayar da ke cikinta. Shi ya sa fanka ke gurnani a kan wata inbatar ta yi shiru a kan wata, shi ya sa injin firij ke ɗaukar zafi har ya ƙone. Janareto kuma nasa halin daban: famfon ban-ruwa ko injin walda ya tashi, wuta ta durƙusa na ɗan lokaci, a kashe shi ta yi sama.

Mitar hannu da kowane mai gyara ke da ita ba ta ganin wannan. Mai araha an daidaita ta ne a kan igiya mai santsi. Ka ba ta murabba'i zalla ta ƙara kashi 11 cikin 100, ka ba ta mai tsalle ta inbata sau da yawa ta rage. Sai a zauna ana gardama a kan lamba, alhali ciwon a siffa yake. Gani ya kori ji: sai an sa osiloskop, na'urar da ke nuna hoton wuta a allo, sannan gardama ke ƙarewa.

To a nan injin zana igiya ya same mu. Osiloskop na zamani yana iya kama siffar wuta ya adana ta a filasha. Ka ɗauki filashar ka sa wa injin, ya maimaita maka ita. Ke nan durƙushewar da wuta ta yi a gona da tsakar rana, wadda ta kashe wani caja ko ta rikita wata sitabilaiza, ana iya dawo da ita kan tebur a sake ta sau ɗari, ana kallo, har a ga daidai inda kayan ya kasa. Wahalar da ta fi ci wa mai gyara rai ita ce ciwon da ke zuwa ya tafi: a gida ya ƙi aiki, a rumfa ya yi lafiya lau, mai kaya ya koma yana zargin an cuce shi. Maganinta shi ne a iya kiran ciwon lokacin da ake so.

Ga dalilin da ya sa na ce zurfin ƙwaƙwalwa ya fi mana. Injin da ke riƙe ɗigo 16,000, in kana fitar da 10,000 a sakan, labarin sakan 1.6 kawai zai iya ɗauka. Tashin famfo da farfaɗowar janareto suna iya wuce haka. Mai riƙe ɗigo miliyoyi shi ne zai kawo abin tun daga farko har ƙarshe. Sannan wasu masu araha, in aka hanzarta su, tsallake ɗigo suke yi, sai ɗan tsinin da kake nema ya bayyana a wannan zagaye ya ɓace a wancan. Wanda zai saya don aikin inbata da sola, bai kamata yawan megahaz da aka rubuta a kwali ya ruɗe shi ba. Ya tambayi ɗigo nawa yake riƙewa, kuma ko yana fitar da kowane ɗaya.

Kada a ɗauka zai kunna firij. Ƙarfinsa bai wuce bolt 10 ko 20 ba daga ƙasa zuwa sama. Sashen da ke saurare da yanke hukunci a cikin na'ura ake ba shi, wanda ke cewa wuta ta yi ƙasa a koma batir, ko ta yi yawa a yanke. In ana son cikakken ƙarfi sai an haɗa da amfilifaya da taransifoma, kuma duk mai taɓa wutar layi da osiloskop dole ya san yadda ake raba su, domin wayar ƙasan na'urar tana iya haddasa gobara ko ta ɗauki rai.

Masana'antu suna yin irin wannan gwaji. Hukumar IEC da ke Janiba tana da ƙa'idar gwada kaya da faɗuwar wuta da ɗaukewarta na ɗan lokaci. Amma siffofin da ke cikin ƙa'ida tsararru ne, masu iyaka, kuma ba kowane kaya mai araha da ke tsallako mana aka bi da shi ta nan ba. Babu wani ɗakin bincike a Shenzhen da ya san halin janareton da ke jan famfo biyu a fadamar Garou. Mu ne muke da wannan siffar, kuma in ba mu auna ta ba, babu mai auna mana.

Shekarar 2023 ta ƙara fito da abin fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe gada, manyan motoci suka yi layi a Malanville, jama'a suka koma jiragen ruwa. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na abin da ƙasar ke amfani da shi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta a rufe. Duk lokacin da hanya ta toshe, mai sauya fanel yakan zauna jiran kaya, wanda ya iya bin da'ira har ya gano kwandensa ɗaya da ta bushe shi ne ke ci gaba da aiki. Ana maganar babban layi mai bolt 330,000 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022. Allah ya sa a gama lafiya. Ko ya iso, gona mai nisa da turakun wuta za ta ci gaba da dogaro da sola da janareto.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kuɗi ya daina zama katanga. Na'urar da a da sai a manyan makarantu irin su EPAC a Abomey-Calavi ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ɗalibi zai taɓa ta, yanzu kamfanonin Sin irin su Rigol da Siglent sun sauko da ita, akwai ma ƙanana da ba su wuce kuɗin waya mai matsakaicin daraja ba. Ita kanta wayar da ke aljihun kowane yaron rumfa tana fitar da sauti da ɗigo 44,100 ko 48,000 a sakan. Da manhaja ta kyauta da igiyar abin saurare, ta isa ta ba da duk wata siffa da ke cikin zangon murya, har da ta zagaye 50 da 'ya'yanta. Ba ta kai injin gaske daidaito ba, amma ta fi yatsa nesa ba kusa ba.

Benin tana da tsarin da ke ba yaran sana'a takardar shaida, CQP da CQM, bayan yayen gargajiya da maigida ke yi. Ina so a ce kafin a yaye mai gyaran lantarki, a ajiye masa inbata biyu da osiloskop, ya faɗi wadda za ta kashe firij da dalilinsa. Ba sai kowace rumfa ta mallaki injin ba. Masu gyara na Malanville da Garou da Madekali suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya da osiloskop ɗaya, su ajiye a hannun wanda suka amince da shi. Daga nan sai a fara tara siffofi: ta janareton injin niƙa, ta famfon fadama lokacin tashi, ta layi da magariba sa'ad da kowa ya kunna kayansa, ta kowace irin inbata da ake sayarwa a kasuwa. Kowace a sa mata suna da wuri da lokaci. Fayil ɗin ƙarami ne, ana iya tura shi ta WhatsApp zuwa Gaya ko Kamba ko Kandi, mai gyara na can ya gwada kayansa da shi kafin ya ce wa manomi ya saya.